Watan Agusta a Ɗakin Inna

Ko da zan manta komai, ba zan manta ranar da na yage watan Agusta daga bangon mahaifiyata ba.

Lokacin ina sabon malami a Talata Mafara. Wani mai sayar da injin ban-ruwa ya ba ni kalanda mai zanen mutanen Japan na da, matafiya a hanya, tsaunuka da koguna. Na kai wa Inna a Bakura, shekarar da Baba ya rasu. Hoton Janairu, mai dusar ƙanƙara zube a ƙasa fara fat, ta dube shi ta ce mutanen nan ba su san darajar auduga ba.

Da na je gida a Disamba, kalandar na nan a Agusta. Wani mutum ne da malfa a kan gada, ruwa na dukansa, ya sunkuya da kaya a baya. Na sa hannu na yage. Ni a ganina gyara na yi.

Inna ta ajiye ludayi. "Mi yai maka?"

"Wata ya wuce, Inna."

"Haka ubanka ka dawowa daga kasuwar Maradun in damina ta kama."

A nan na buɗe aji. Na bayyana mata cewa Japan ce, ba Maradun ba. Katako ake sassaƙawa, kowane launi da allonsa, a shafa tawada a danna takarda. Na yi bayani mai kyau, har yau ina jin kunyarsa.

Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Ɗan nan, na san ba shi ne ba. Ina gada irin wagga a Maradun? Amma dubi kahwaɗatai, guda ta hi guda sauka. Wanda yas sassaƙa wanga, ya taɓa tsayawa ƙohwar gida shina jiran wani."

Na duba. Kusan shekara kalandar ta yi a gidanmu, ban taɓa lura da kafaɗar ba. Ta Baba ce sak.

Inna ta karɓi takardar, ta miƙe ta da gindin kwano, ta liƙe da ƙullun tuwo.

Inna ta rasu tuni, takardar kuma tana ɗakina a Mafara. Abin da na koya ke nan: sanin yadda aka yi abu daban, ganinsa daban. Baƙi kan gaya mini watan ya wuce, ni kuma na ce musu na sani.