Tattasai Tara a Kwano Ɗaya

Shekarar da likita ya hana Baba cin yaji, na ɗauki hutu daga makarantar da nake koyarwa na dawo gidanmu a Bukan Sidi da jaka ɗaya, da niyyar in yi mako guda. Sai da na shafe wata biyu.

Gyambon ciki ne ya kwantar da shi, har ya kai ga aman jini. Ranar da aka sallame shi likita ya lissafa masa: ba attarugu, ba barkono, ba yajin daka. Baba ya ce to. Duk wanda ya san Baba ya san wannan “to” ɗin ba ta haɗa hanya da yarda ba. Mutum ne da ke yawo da ƙullin yaji a aljihun riga, ko ƙosai aka miƙa masa a hanya sai ya tsaya ya kwance ƙullin nan.

Mama ta kwashe duk wani abu mai ja daga madafa ta ɓoye, ta fara yi masa tukunya daban. Fate fari tas, ko miyar kuɓewa mai sanyi, a zuba a ɗan ƙaramin kwano a kai masa ɗaki. Sai ya yi loma biyu ya ture. Kafin in iso har agogonsa ya fara zamewa daga wuyan hannu yana gangarawa zuwa gwiwar hannu in ya ɗaga hannun. Da muka koma asibiti likita ya dube ni, bai dubi Baba ba, ya ce in aka ci gaba a haka za a sake kwantar da shi, kuma wannan karon babu jikin da zai jure.

Kowa a gidan ya ɗauka rashin yaji ne ya hana shi ci. Ni ma haka na ɗauka, har na yi kwana huɗu ina lallashi, ina faɗa, ina kawo masa maganar Allah da Annabi, shi kuma yana yi mini kunnen uwar shegu. A rana ta biyar na shiga ɗaukar kwano bayan magariba na tarar da shi zaune dab da taga, ya kasa kunne waje.

Tun kafin a haife ni Baba yake ciyayya da abokansa biyu a gindin mangwaron ƙofar gidanmu. Ɗaya tela ne da ke bayan layinmu, ɗayan kuma wani dattijo ne mutumin Binuwai, dillalin doya, mu dai Baba mai doya muke ce masa. Kowane gida zai fito da kwanonsa a jera a kan tabarma. Baba da tela su tafi masallaci, shi kuma Baba mai doya, da yake Kirista ne, ya zauna yana gadin kwanuka kada akuya ta yi ɓarna. In sun dawo sai a buɗe kwano ɗaya, hannu uku su shiga, a gama a buɗe na gaba. Tunda Baba ya dawo daga asibiti bai taka wajen ba, duk da Mama ba ta fasa fitar da kwanon gidanmu ba.

Na ce, “Baba, ka fita mana ka ci naka a cikinsu.”

Ya juyo ya harare ni. “In fita da kwanon jarirai? Su sa hannu wuri ɗaya, ni in koma gefe kamar wanda aka killace?” Ya ƙara da wata magana da yaren gidansu, Gwandaranci, ƙasa-ƙasa, wadda ba ya yi sai ransa ya ɓaci sosai.

Nan na gane inda matsalar take, kuma na ji kunyar kaina da na yi kwana huɗu ina yi wa tsoho wa’azi. Taurin kan Baba kuwa ni na gaje shi kaf, ’yan uwana ba su samu ko ɗigo ba. Na fito daga ɗakin na sha alwashi sai Baba ya sa hannu a kwano ɗaya da abokansa, kuma ba tare da yaji ya taɓa cikinsa ba. Amma kwanon dole ya yi yaji, don in aka ji abincin gidanmu lami, ranar za su gane an yi don shi ne, kuma ba zai sake fita ba.

A waya na taɓa ganin wata miya ta Turawa, ana cusa niƙaƙƙen nama da shinkafa a cikin tattasai a dafa a romo. Lokacin dariya na yi, na ce mutanen nan ba su da aikin yi. Yanzu sai abin ya dawo mini. In yajin yana cikin cikin tattasai, a rufe, to kwano ɗaya zai iya ɗaukar mai yaji da marar yaji, romon kuma ya zama farfesu mai sanyi da kowa zai sha.

Gwajin farko abin kunya ne. Na danna ɗanyar shinkafa da nama har wuya, na jefa a tukunya. Shinkafa ta kumbura, tattasai suka fashe ɗaya bayan ɗaya, attarugun da na ɓoye ya bi romo gaba ɗaya. Mama ta leƙa tukunyar ta ce, “Sannu Malama. Wannan faten na wane gari ne?” Mu muka cinye shi da rana muna hawaye, Mama tana cewa ita dai ba ta aike ni ba.

Washegari na tafasa shinkafar rabi kafin in cusa, na kuma bar wuri a sama. Ba su fashe ba. Amma da na ɗanɗana wanda ban sa wa komai ba, sai na ji harshena ya ɗauka. Na koma kasuwa a fusace wajen matar da na saya a hannunta, wata manomiya da ke kawo kayan miya daga Adogi. Ta saurare ni tana dariya.

“Malama, tattasai ba duka ɗaya ba ne,” in ji ta. “Wanda ya tashi kusa da attarugu a gona, shi ma yana ɗauka zafi. Ido ba zai gaya maka ba. Sai ka fasa, ka taɓa farin jijiya na ciki da harshe.”

Ta zaɓo mini masu kauri, masu faɗin kafaɗa, ta ce su ne suka fi sanyi, amma duk da haka kada in yarda da su. Tun daga ranar duk tattasan da zai shiga tukunyata sai na yanke hancinsa, na kankare ’ya’yan da farar jijiyar da bakin cokali, na lasa. Wanda ya ɗan yi mini cizo in ware shi gefe. Leɓɓana suka yi kwana uku suna raɗaɗi.

Saura rufe baki. Na gwada mayar da hancin tattasan in soke da tsinke, romo ya shiga ya fito da yaji. Na gwada ƙullun fulawa, ya narke ya ɓata mini farfesu. Ina zaune a bakin murhu na rasa ta yi, sai na ga Mama tana murza agushi da albasa a turmi za ta yi miya. Agushi in an daka shi har ya fitar da mai, aka dunƙula aka jefa a tafasasshen ruwa, ƙanƙamewa yake yi ya yi tauri. Na ƙwace turmin daga hannunta ba ko sallama. Na toshe bakin kowane tattasai da dunƙulen agushi, na jera su a tsaye a tukunya, na zuba romon ƙashi iya kafaɗarsu, da daddawa da albasa da ganyen ɗoɗɗoya, na rage wuta.

Mama ce ma’aunina. Shekara arba’in tana dafa wa Baba wuta, amma ita ko ƙwayar barkono ɗaya ta faɗa randa sai ta ji. Na ba ta romon a cokali ina kallon fuskarta. Ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta sake miƙo cokalin. Ba ta ce ya yi ba, ba halinta ba ne, amma ta ce in ƙara gishiri kaɗan.

Ranar da na shirya, tattasai tara na yi, uku-uku. Shida na cika su da attarugu ba tausayi, don kada wani ya ce gidanmu an daina yaji. Uku na Baba kuwa nama da shinkafa da albasa ne kawai. Kuma da yake ubana ne, kuma ya rame, sai na zaɓar masa waɗanda suka fi girma, na cika su fam. Muna da wani babban kwanon samira da ya ɗan ɓantare a baki ɗaya. Na jera na Baba a gefen ɓantaren, na kai masa ɗaki na buɗe.

“Baba, kwano ɗaya ne. Na wajen ɓantaren nan naka ne, babu komai a ciki. Sauran wuta ne. Romon kowa zai sha.”

Ya daɗe yana kallon kwanon. Ƙamshin daddawa ya cika ɗakin. Can ya ce in miƙo masa hularsa.

Ni na fitar da kwanon da kaina na ajiye a kan tabarma, ɓantaren yana kallon inda Baba ke zama. Na gaishe su na koma zaure na laɓe a bayan ƙofa, ina leƙe ta tsakanin ƙyaure da bango. Tela ya yi ta hamdala da ganin Baba. Baba mai doya ya ce, “Alhaji, ka dawo? Mun ɗauka ka yi sabon abokai a asibiti.” Baba ya ce ai ko a asibitin bai ga mai surutunsa ba.

Aka buɗe kwanonmu. Baba ya dubi manyan tattasai uku a gabansa, ya dubi ƙanana a gaban abokansa. Sai ya sa hannu biyu ya juya kwanon.

Na san wannan juyin, tun ina yarinya nake ganinsa. Mai gida ba ya barin babban yanka a gabansa, sai ya juya shi wajen wanda ya zo ƙofarsa. Ni da na yi mako ina lasar tattasai, wannan ɗaya ban tuna ba. Kuma Baba bai manta da abin da na gaya masa ba, sarai ya sani. Ya gwammace ya koma gadon asibiti da a ce ya zauna da manya a gabansa. Yanzu ɓantaren yana gaban Baba mai doya, masu wutar uku suna gaban Baba. In na fita na yi magana na tona masa asiri a gaban abokansa. In na yi shiru, ga cokali a hannunsa. Na riƙe ƙyauren nan har farcena ya shiga katako.

Baba ya fara da romo, a hankali. Baba mai doya kuwa bai iya jira ba, ya datsi babban tattasai ya kai baki. Ya tauna sau biyu ya tsaya. Mutumin da ke cin ɗanyen attarugu da gasasshiyar doya, ba a ɓoye masa rashin yaji. Ya dubi abin da ke cokalinsa, ya dubi Baba, ya ɗaga kai ya dubi ƙofar zaure daidai inda nake.

Baba ya kai cokali kan tattasan da ke gabansa. Sai hannun Baba mai doya ya tsallaka kwano, abin da ba a yi, ya ɗauke shi daga ƙarƙashin cokalin.

“Abeg, Alhaji, wannan manya ya fi ƙarfin bakina. Haƙori babu. Ba ni ƙanana.”

Ya kwashe ukun nan ya dawo da su gabansa, ya tura wa Baba manya biyun da suka rage da bayan cokali. Baba ya ce wannan wane irin rashin ta-ido ne, tsoho da kai. Baba mai doya ya ce eh, ya ji. Ya ci na farko, gumi ya keto masa. Ya ci na biyu yana jan hanci. A na uku hawaye ne sosai, yana sharewa da hular kansa, yana cewa, “Yarinyan nan ya iya miya.” Tela ma yana ta shan iska ta baki, bai san me ake ciki ba.

Baba ya cinye biyun nan tas, ya bi da romo, har ya karkata kwanon ya kwashe na ƙasa. Na zauna a ƙasan zaure na yi kuka, na daɗi da na tsoron da bai gama sakina ba.

Washegari na yi tara masu girma ɗaya, na auna su kamar mai sayarwa. Na fitar, na koma maɓoyata. Ran nan kuwa da kwanon gidan Baba mai doya aka fara, sakwara da miyar agushi. Na shirya in ga Baba ya janye hannu ya jira namu, sai na ga Baba mai doya ya tura masa kwanon gabansa. Baba ya ɗan taɓa miyar da yatsa ya kai harshe. Ya buɗe na gidan tela, tuwo da miyar kuka, ya taɓa ita ma.

“Kai, matan unguwar nan me ya same su ne? Miya biyu, babu mai yaji?”

“Tsufa ne, Alhaji,” in ji Baba mai doya. “Cikin mu duka ya gaji.”

Tela ya sunkuyar da kai yana gyara zaman tabarma. Baba ya dubi wannan, ya dubi wancan, har na ɗauka zai tashi. Can na ji ya ce a matso masa da sakwarar.