Yalon Hajiya Rabi a Shagon Taki

Duk wanda ya shiga gidan Alhaji Isiyaku mai taki a Ƙofar Marusa, da ya wuce zaure sai ya fara duban inda zai sa ƙafa. Tsakar gidan ba wata babba ba ce, siminti ne ma malale da ita, amma cike take da tsofaffin tayoyin mota, da buhuna, da bahon da ya huje, da jarkokin da aka yanke wa kai, kowanne maƙare da baƙar ƙasa. Ga alayyahu, ga yakuwa, ga kuɓewar da ta fi mutum tsayi, ga kabewa ta haye rufin ɗakin girki kamar an aike ta. Mai wannan ƙaramin daji kuwa ita ce matar gidan, Hajiya Rabi.

A wani ƙauye can bayan Batagarawa aka haife ta. Mahaifinta ɗan lambu ne, tun tana 'yar mitsitsiya take bin sa fadama da rani, har ta iya dashen tumatir kafin ta iya tuƙa tuwo. Da aure ya kawo ta birni sai ta ajiye duk wannan, ta shiga raino da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Shekaru suka tura. 'Ya'ya mata suka tafi ɗakunansu, mazan suka watse neman abinci, hannu kuma ya gaji da matsar tunkuza. Gida ya yi tsit, daga ita sai kaji sai rediyo.

Lambun ba shirya shi ta yi ba. Wata damina ce tumatir ya tsiro da kansa a wata tsaga ta siminti, daf da makwararar da take zubar da ruwan wanke-wanke. Ta ɗaga tsintsiya za ta share shi, sai ta ji ba za ta iya ba. Ta ɗauko tsohon kwando ta kifa masa saboda kaji. Ranar da ya fara nuna, ta tsinka ta ɗanɗana, sai ga ƙamshin fadamar mahaifinta ya dawo mata a baki. Kafin damina ta fita, ba wani mai faci a unguwar da bai san Hajiya na neman tsohuwar taya ba.

To, shi Alhaji Isiyaku, sana'arsa tun yana saurayi ita ce sayar da takin zamani da maganin feshi a babbar kasuwa, kuma ya yarda da hajarsa har zuci. Abokansa na majalisa kan ce in aka ba shi labarin wani ya rame, kaɗan ke hana shi cewa a ba shi takin yuriya. Don haka da ya ga matarsa ta duƙufa, sai wata rana ya dawo da kwano guda na takin kamfa ƙulle a leda, ya dire mata yana fara'a.

"Hajiya, ga wannan ki barbaɗa ma 'yan shuke-shukenki. Mutane tun daga Jibiya da Mashi suke zuwa nema, ke ga shi har gida."

Ta karɓa da hannu biyu. "Na gode, Alhaji, Allah shi ƙara buɗi. Sai dai 'ya'yan nan nawa ba su saba da abincin kanti ba."

"Waɗanne 'ya'ya?"

Ta nuna masa layin alayyahu da haɓa. Ya dube ta, ya dubi alayyahun, ya ɗauki butarsa ya yi masallaci.

Abincin da 'ya'yan nata suka saba da shi a wani rami yake dahuwa, bayan ɗakin girki, a lungun da siminti bai kai ba. Nan take zuba kashin kaji, da na awakin maƙwabta, da ɓawon gyaɗa, da toka, da busasshen ganye, ta yayyafa ruwa ta rufe, tana juyawa lokaci zuwa lokaci har ya koma baƙi mai laushi, warin ya tafi. Kashin shanu kuwa Hajo ke kawo mata, wata Bafulatana da ke zuwa da nono daga rugarsu ta wajen Batagarawa. Ruwan alwala ba ya zuba a banza a gidan, haka na wanke shinkafa. Shi kansa Alhaji an canza masa wurin alwala, an mayar da shi gindin kuɓewa.

Da tsutsa ta faɗa wa alayyahu, Alhaji ya ga abin nema ya samu. Ya zo da kwalbar maganin feshi, ya ce murfi guda ya isa. Hajiya Rabi ta juya kwalbar ta ga an zana ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa a jiki.

"Wanga bawan Allah da aka zana, shi ya yi maganin ko shi ya ci miyar?" in ji ta.

Ta mayar masa da abarsa. Ta tsinko ganyen bedi, wato dogon yaro, a ƙofar gida, ta kirɓa da tafarnuwa da barkono, ta jiƙa ya kwana, ta tace, ta riƙa tsoma tsintsiya tana yarfa wa ganye. Tsutsa ta ragu, ba ta ƙare duka ba, wadda ta yi taurin kai Hajiya ta bi ta da hannu ta miƙa wa kaji. Alhaji dai ya yini yana atishawa.

Abokiyar wannan sha'ani ita ce maƙwabciyarta Asabe, 'yar Filato, wadda aikin gwamnati ya kawo mijinta Katsina tun suna da ɗa guda, har ya yi ritaya ba su koma ba. Ta kan katanga suke musayar iri da labari. Wata shekara Asabe ta je gida Kirsimeti ta dawo mata da irin yalo na wajensu. Yalon nan ya ji ƙasar Hajiya Rabi ya ce nan ne gida. Ya yi 'ya'ya manya-manya kamar dunƙulen hannu, farare masu ratsin kore, sai sheƙi suke.

A lokacin ne Alhaji ya tsiri wata sabuwar al'ada. Kullum zai fita kasuwa sai ya ce a tsinko masa yalo, a haɗa da tattasai masu kyau, wai likita ya ce ya rage goro, yalon zai riƙa taɓawa. Hajiya Rabi ta ji daɗi ƙwarai, ta ce a ranta mutumin ya fara dawowa hanya. Ba ta tsaya tambayar abin da tattasai zai yi wa mai barin goro ba.

Ana nan, ran nan Asabe ta leƙo ta katanga tana dariya har da riƙe ciki.

"Hajiya, ashe yalonmu ya samu aiki a kasuwa ba ki gaya mini ba?"

"Wane irin aiki?"

"Na je shagon Alhaji sayen maganin ɓera. Na tarar da yalon a faranti, an jera shi a kan buhun taki, tattasai ya zagaye shi kamar kayan lefe. Manoma sai ɗauka suke suna juyawa, suna cewa lallai takin Alhaji ba wasa."

"Shi kuma ya ce mi?"

"Bai ce komai ba. Gemu kawai yake shafawa yana murmushi. Da ya hango ni sai ya tura farantin bayan sikeli."

Ran Hajiya Rabi ya ɗan sosu, don ita ta san irin duƙawar da bayanta ya sha a bakin ramin nan. Amma da ta hasko Alhaji yana tura faranti bayan sikeli, sai dariya ta ƙwace mata. Da ya dawo ba ta ce masa uffan ba, ta ma yi masa miyar kuɓewa ɗanya, wadda ya fi so. Da safe ta zaɓo masa yalon da ya fi kowanne girma, ta kuma nemi izinin zuwa kasuwa sayen atamfa. Ya ce a dawo lafiya.

Da hantsi ita da Asabe suka hau Napep. Suka sayi atamfar don kada a ce ba a saya ba, sannan suka biya layin masu taki. Shagon a cike, damina ta kusa. Ga faranti nan a mazauninsa. Wani manomi mai surutu, Ɗanliti, yana riƙe da babban yalon yana yi wa sauran bayani kamar shi ya shuka. Hajiya Rabi ta gyara hijabi, ta yi sallama, ta gaida mai shago gaisuwar baƙuwa, ta tambayi kasuwa, ta tambayi iyali.

"Iyali... lahiya lau," in ji Alhaji.

"Madalla. Alhaji, takin da ya yi wanga yalo nike so. Shi ɗin dai, ba wani ba."

Alhaji ya cire hula ya mayar. Mutum ne da bai iya ƙarya da baki ba, iyakarsa ya yi shiru a yi masa fassara. Yanzu ga mai yalo a gabansa, ga jama'a sun zuba ido.

"Ai... wannan babu shi yanzu."

"Babu?" in ji Ɗanliti. "To waɗannan buhunan da muke ta saye hwa?"

"Waɗannan ma masu kyau ne, don gero da dawa ba su da na biyu. Amma shi na yalon daban ne. A gida ake haɗa shi."

"A gida? Wa ke haɗawa?"

Alhaji ya saci kallon matarsa. Ita kuwa ta dage tana duban rufin shago kamar tana ƙirga kwano.

"Wata ƙwararriya ce," ya ce a hankali. "Ba ta son a ambaci sunanta."

Asabe ta toshe baki da gyale ta fita waje. Ɗanliti ya ce shi dai ko rabin buhu ne a ajiye masa, yana da ɗan lambu a bayan gida. Nan take wasu ma suka ce a sa da su. Hajiya Rabi ta ce to ita ma za ta dawo in ya samu, ta yi sallama ta tafi abinta.

Da yamma Alhaji ya shigo gida da tsire a takarda, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya zauna a bakin tabarma ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce, "Hajiya, kin kashe ni da raina."

"Ni? Taki na je saye."

"To yanzu mutane na jira. Ramin nan naki, buhu nawa za ya yi?"

"Wanda ya nuna na 'ya'yana ne. Sabo kuwa sai an tara, an jiƙa, an jira shi wata da watanni. Taki ba tuwo ba ne, Alhaji. Kuma abin da Hajo ke ɗauko mani a ka ba ya isa. Sai mai mota ya je rugar da kanshi."

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar Lahadi aka ga Alhaji Isiyaku ya ɗauki hanyar Batagarawa da shebur da buhuna a bayan mota. Mutanen rugar suka karɓe shi hannu bibbiyu, suka ba shi fura, suka tsaya suna kallon Alhajin birni da babbar riga a naɗe yana kwasar abin da shanu suka bari. Motar ta yi mako tana ba da labarin inda ta je. 'Yan majalisa suka naɗa shi Sarkin Juji, har da masu kai gaisuwa. Ya yi fushi na kwana biyu, daga baya ya fara amsawa.

Da takin ya nuna aka kai shago, aka ware masa kusurwa. Bai kori kamfa da yuriya ba, masu manyan gonaki na nan suna saye, amma matan aure da 'yan fansho masu shuka a buhu suka san hanyar shagon. In an tambayi yadda ake amfani da shi, Alhaji kan ce a dakata, ya fita waje ya buga waya gida.

A bara ne ya nemi a ba shi taya guda tasa ta kansa. Hajiya ta ba shi, ya shuka attarugu, ya hana kowa taɓawa. Kafin ya fita sai ya tsuguna ya duba shi, in ya dawo ya duba shi, har kaji ya yi wa kashedi. Attarugun ya yi 'ya'ya 'yan kaɗan, suka yi ja, Alhaji ya ce ba za a tsinka ba sai 'yan majalisa sun zo sun gani da idonsu ranar Juma'a.

Ranar Alhamis Hajiya Rabi ta ɗora miyar yakuwa, ta duba kwando ba attarugu, nata kuma bai nuna ba. Ta tsaya a gaban tayar Alhaji ta yi ɗan tunani, ta ce ai miya ba ta jiran Juma'a.

Alhaji ya ci tuwo ya yi gumi, ya nemi ƙari, ya ce rabon da ya ci miya mai yaji da ƙamshi haka har ya manta.

"Wanga attarugu daga ina?"

"Wani ƙwararre ya shuka shi," in ji ta, tana kwashe kwanuka.

Ya tsaya da loma a hannu. Ya miƙe ya nufi tsakar gida ko takalmi babu. Hajiya Rabi ta ɗaga murya ta kira Asabe ta katanga, ta ce ta miƙo kwano a zuba mata miya tun ba a zo an ƙwace tukunyar ba.