Tabon Dutsen Guga a Shafin Ƙarshe

Damina goma sha ɗaya ke nan tun da maigidana Mushe, kamar yadda muke kiran malamin boko a nan, ya tafi ya bar ni da akwatin ƙarfe biyu da makullansu. Ba zan faɗi sunansa ba. Ban faɗa ba yana da rai, ba kuwa a jarida zan fara ba. Wanda duk ya yi lakwal, makarantar boko, a Gidimuni ko Zermu a wancan zamani ya san dogon malamin nan mai farin alli a bakin aljihu. Ni ce matarsa, Falmata. Ban taɓa zama a bencin lakwal ba, ban san baƙi ko ɗaya na boko ba. Jikata Mariyama, wadda ke aikin ungozoma a gidan likita, ita ke riƙe da biro, ni ke magana. Na gargaɗe ta kada ta gyara mini zance, don tun da nake ba a taɓa gyara mini shi ba.

Abin da ke cikin akwatunan littattafan zane ne, irin waɗanda ake raba shafi ɗaki-ɗaki, mutane na ciki suna magana, maganar tana fitowa daga bakinsu cikin wani farin abu kamar ƙoƙo. Na farko wani Anasara malamin lakwal ne ya bar masa su cikin kwali da zai koma ƙasarsu. Sauran ya yi ta tsintowa wajen masu baza tsofaffin takardu a bakin kasuwa. Duk da Faransanci suke. Bayan la'asar yakan zauna a inuwa ya karanta mini, yana juyawa da Hausa, ni kuma ina bin hotunan da ido ina musa masa. Sau da yawa nawa labarin ya fi na mai littafin daɗi, shi ma ya san haka.

Yadda aka yi na zama mai kula da su, kuskure ne, kuma har ya rasu ba mu daidaita a kan laifin wane ne ba. Daminar farko ta aurenmu muna Gidimuni, a ɗakin malamai mai rufin kwano. Aka wayi gari ana ruwa, rufin yana yoyo. Ina bakin murhu sai na ji shi yana salati daga ɗaki.

"Falmata, zanena ya jiƙe, duk ya cukuikuye!"

Na ce, "Wane zane ne ya taɓa gagarar ɗiyar gidanmu? Fito da shi, kafin ka dawo daga lakwal na goge maka shi sumul."

Ku da kuke karatu, Mariyama ta ce mini a takarda duk ɗaya ake rubuta su, zanen ɗaurawa da zanen hoto. A baki kuwa Bahaushe yana jan ɗaya, yana datse ɗaya. To ni a Birni na tashi, gidan Barebari, a hannun kakata wadda ba ta Hausa sai in za ta yi faɗa da mai itace. Na ɗauka mayafinsa yake nufi. Sai ga mutum ya fito da littafi a hannu yana ɗiga, yana dariya har da dafa ƙofa.

"Kunnen Barebari! Ga zanen, Babarbariya, sai ki goge."

Ni dai har gobe na ce ƙarar ruwa ce a kan kwano ta hana ni ji. Amma na riga na faɗa, kuma a gidanmu ba a koya mana janye magana ba. Yana fita na cika dutsen guga da garwashi, na hura shi ya yi ja, kamar zan goge shadda. Littafin ba shi da bangon baya, shafin ƙarshe ne a waje. Na kife shi, na ɗora. Ƙaurin da ya tashi har yau ina jin sa a hancina. Da na ɗaga, ga siffar dutsen nan ta zauna a takarda, launin ƙasa-ƙasa, tsinin kuwa ya huda ta.

Labarin wani mai gyaran agogo ne da ya bar garinsu cikin fushi, ya yi ta yawon duniya har ya yi furfura. A hoton ƙarshe ya dawo, yana tsaye a ƙofar gida da hula a hannu, ya ɗaga ɗayan hannun zai ƙwanƙwasa. Matarsa tana kallonsa ta taga daga sama, bakinta a buɗe. Ƙoƙon maganarta, shi na ƙone ƙurmus.

Mushe ya dawo da azahar, ya daɗe yana duban ramin. Bai yi faɗa ba. Na ce ya faɗa mini abin da matar ta ce, tunda shi ya karanta tun kafin a kawo ni. Ya ce, "A'a. Wadda ta ƙone magana ita ke mayar da ita." Shekara arba'in da wani abu muna tare, bai taɓa faɗa mini ba. Duk lokacin da muka kai shafin nan sai ya ajiye yatsa a bakin ramin ya dube ni. Ran da nake jin haushinsa, matar takan ce, "Koma inda ka fito." Ran da muke shiri, takan ce, "Sai yanzu? Tuwo ya huce." Shekarar da muka binne ɗiyarmu ta biyu, matar nan ta yi wata huɗu ba ta ce komai ba, shi kuma bai matsa mata ba.

Haka yake, ba shi da dogon zance wajen abin da ya shafi zuciya. Sau ɗaya na taɓa yin yaji, muna Zermu. Na yi kwana goma sha biyu a Birni ina jiran biko, bai aiko kowa ba. Da kaina na hau mota na koma, ina tafe ina shirya baƙaƙen maganganu. Na tsaya a ƙofar gida na yi sallama da ƙarfi. Daga ciki ya ce, "Shigo, ban sa sakata ba." Shi ke nan. Daga ranar, ko daga biki na dawo, ko daga jinyar uwata, har dawowata daga Makka, da wannan yake amsa mini sallama.

Bayan ƙunar nan na rantse takarda ba za ta sake kunyata ni ba. Na koyi cewa littafin da ya jiƙe ba a kai shi rana, a inuwa ake buɗe shi ya sha iska. Dutsen guga kuwa sai an zubar da garwashin, an bar shi ya huce har ki iya kawo shi kusa da kumatunki ba ki kauce ba. Farin ƙyalle sama, farin ƙyalle ƙasa. Ba a jan dutsen, ajiye shi ake a ɗaga. Daga nan a sa littafin tsakanin allo biyu, a ɗora dutsen niƙa, kwana uku. A akwati ina jera su da busasshen ganyen bedi, wato dogon yaro, da kanumfari, akwatin kuma a kan duwatsu, ba ya taɓa ƙasa ko bango, saboda gara. Kuma ni na raba musu daraja, yadda mace ke raba zannuwanta. Akwai ɗan kanti, wanda ko ninki babu a jikinsa. Akwai na zuwa biki, wanda aka taɓa da ladabi. Akwai na zaman gida, mai tabon goro da lanƙwasar kunne. Akwai tsumma. Mushe yakan kawo sabo ya miƙo da hannu biyu ya ce, "Ranki ya daɗe, a yanke masa hukunci."

Abin da ya sa nake wannan magana bana, ɗana Laminu ne, autana, da ke aiki a ƙasar waje. Ya zo hutun Sallah da labari. Ashe can akwai mutanen da aikinsu ke nan: su danne littafin zane da inji ya miƙe, su duba shi da madubi, su ba shi maki a kan goma kamar ɗan lakwal, sannan su rufe shi cikin wata roba mai kauri kamar gilashi, a liƙe ta ko'ina. Ba iska, ba ƙwaro, ba yatsa. Ba a sake buɗe shi har abada. Ya ɗauki hotunan namu da salula ya aika musu. Waɗanda suka fi samun yabo su ne waɗanda Mushe ya karanta sau ɗaya ya ce ba su da gishiri. Mai gyaran agogo kuwa, suka ce ko ɗaya bai kai ba, sai dai a cire shafin da ya ƙone a dasa wani.

Na yi ta tunanin abin da Mushe zai ce. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ba yara maki, na san zai yi dariya a ce littafin da ba wanda ya so shi ne na ɗaya a aji. Amma na san kuma ba zai ce Laminu ya yi ƙarya ba.

"Inna, ba sayarwa nake nufi ba," in ji shi. "Idonki ya ragu, hannunki yana rawa. Bara ba ke kika ce kin tarar da huda a guda uku ba? In kin tafi, wa zai hana gara?"

Na ce, "Ka gama kashe ni ke nan?"

"Allah ya ja da ranki. Amma ki ba ni amsa kafin in koma." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma na samo shafin nan, Inna. Wani yana da irin littafin lafiyayye, ya sa hotonsa a intanet. Yana cikin salulata. In kina so Mariyama ta karanta miki."

Kwana uku ban ba shi amsa ba. Gaskiya tsoro na ji. Tun rasuwar Mushe, kowace Juma'a bayan la'asar nakan fito da littafin in buɗe shafin ƙarshe in sa wa matar magana, kuma a nan ne kaɗai nake jin kamar yana zaune yana jiran abin da zan ce. Na ji tsoron in an karanta mini na gaskiya, bakina zai mutu, shi kuma ya tashi daga wurin. Na kuma ji tsoron in mutu ban san abin da ya riƙe mini shekara arba'in ba.

Ana gobe Laminu zai tafi, muna zaune a tsakar gida, na ce wa Mariyama, "Ke, ungozoma, karanta. Kada ki ƙara gishiri, aikina ne wannan."

Ta karɓi salular ta buɗa hoton da yatsu biyu. Ga matar a taga, ga ƙoƙon fari tas, da ƴan baƙaƙe kaɗan a ciki. Ta karanta da Faransanci a hankali, ta ɗaga kafaɗa.

"Kaka, ba wata babbar magana ba ce fa. Cewa ta yi, shigo, ban sa sakata ba."

Su biyun ba su gane abin da ya sa na rufe fuska da mayafi ba. Laminu yana ƙarami sosai lokacin Zermu, kuma yaro ba ya kula da yadda ubansa ke amsa sallama. Ashe mutumin nan ya faɗa mini. Ya faɗa mini ya fi sau ɗari, ni da kunnen Barebarina ina ta neman maganar a cikin rami.

Washegari na ba Laminu makulli ɗaya. Ƴan kanti duka ya tafi da su, a rufe su a robar, su daɗe su ga jikokin jikoki, na yarda. Na biki da na zaman gida suna nan, kuma Mariyama ta fara koyon kawo dutse kusa da kumatu, ko da yake har yanzu tana da gaggawa. Mai gyaran agogo kuwa, na ce ba mai dasa masa shafi, ba mai liƙe shi. Makinsu na can wurinsu. A hukuncina tsumma ne, kuma da tsumman gida ake ɗaukar tukunya mai zafi.

In an tambaye ni abin da ya rage na Mushe, ba zan nuna akwati ba. Takarda ce, wata rana za ta bi shi. Abin da ya rage shi ne yadda mutum zai riƙe magana ɗaya mai taushi ya yi ta ba matarsa ita a bakin ƙofa, ba tare da ya taɓa cewa ga daga inda ya samo ta ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya sada mu cikin rahama.

Jiya Juma'a na fito da littafin kamar kullum. Bakina bai mutu ba. Na ajiye yatsa a bakin ramin, inda nasa ya bar dauɗa, amma wannan karon ban sa wa matar magana ba. Mutumin da ke tsaye a ƙofa na duba, mai furfura, hannu a sama, ya daɗe a hanya. Na ce masa, ƙwanƙwasa mana, ai ni ma ina bayanka.