Gwaggon Guga a Ƙasar Mutane

Shekara ashirin da bakwai Gwaggon Guga ta yi a ɗakin wanki na wani asibiti, tsakanin rurin inji da tarin zannuwan gado. Can ta samo sunan. Mace ce mai kaifin baki, amma in ma'aikatan jinya suka rasa mai juya musu majinyaci su canza shimfiɗa, ita suke aikawa a kira.

Shekarar da ta ajiye aiki, matan masallacin unguwarsu suka shirya zuwa wani babban taron wa'azi da zikiri na kwana huɗu a wata ƙasa. Babban ɗanta ya raka ta filin jirgi yana ta ja mata kunne.

"Inna, don Allah ki riƙe bakinki. Ƙasar mutane ce."

"To ubana, na ji. Miƙo min jakata."

Aka sauke su a wata makaranta, an kwashe bencinan aji an jera katifu a ƙasa, lissafin yara ma ba a goge daga allo ba. Gwaggo ta ɗora jakarta a katifar bakin taga ta fita alwala. Ko da ta dawo, wata tsohuwa 'yar wata ƙasa ta ture jakar ta miƙe abinta. Gwaggo ta zazzaga mata faɗa, tsohuwar ta rama da yarensu, ba mai jin wata, matan ɗaki na ta ƙunshe dariya. Sai da ta sunkuya ɗaukar jakar ta ga ƙafafun matar sun kumbura suntum, numfashinta kuma sama-sama. Ta san irin wannan kumburin. Ta ɗauki jakarta ta koma katifar gefe.

Washegari Gwaggo ce ta riƙe wa tsohuwar hannu har filin taro. Jama'a iya ganinka, kowa da kalar tufafinsa da harshensa, amma da aka ɗauki salati sai murya ta zama ɗaya.  Gwaggo ta juya ta ga tsohuwar na hawaye, bakinta na motsi daidai da nata.

Rana ta biyu tsohuwar ta kasa tashi. Ta ɓata shimfiɗarta, ta rufe fuska da mayafi don kunya. Gwaggo ta ce wa sauran su tafi.

"Haba Gwaggo," in ji shugabar tafiyarsu, "yau fa babban malamin zai yi wa'azi. Abin da ya taso mu ke nan."

"Ku je ku jiyo min. Ni ga nawa aikin."

Ta ja ƙofa, ta mirgina matar a hankali yadda ta saba, ta zare zanen, ta goge mata jiki da ruwan ɗumi, ta wanke komai ta shanya a bayan aji. Tun daga nan take ce mata Yaya. Suka wuni da carbi a hannu, lasifika na kawo musu zikiri ta taga. Da hannu suka yi hira. Gwaggo ta ɗaga yatsu bakwai, 'ya'yanta ke nan, ta lanƙwashe biyu ta nuna ƙasa. Yaya ta ɗaga huɗu, ta lanƙwashe uku. 

Rana ta uku da hantsi ciwo ya yi tsanani. Likitan taron ya kira motar asibiti. A bakin motar wani tafinta ya tare Gwaggo.

"Dangi kawai ake bari. Mene ne haɗinku?"

"Yayata ce. Matsa min."

Ya matsa. Bayan la'asar rai ya yi halinsa, Gwaggo na riƙe da kanta tana laƙanta mata kalmar shahada. Ita da wasu mata biyu 'yan ƙasar marigayiyar suka yi mata wanka, ɗaya na zuba ruwa, ɗaya na karewa da zane, ba su buƙaci tafinta ba.

Ranar rufe taro aka kai gawar filin, dubban mutanen da ba su taɓa jin sunanta ba suka yi sahu suka sallace ta. Gwaggo na tsaye daga nesa cikin mata, sai ga matan ƙasar marigayiyar sun zo ɗaya bayan ɗaya suna kama hannunta, ita suke yi wa ta'aziyya. A nan ne kukan ya ƙwace mata.

Sati biyu da komawarta gida, wata baƙuwar lamba ta kira ta. 'Yar marigayiyar ce, ta karɓi lambar a wurin ɗaya daga cikin matan wankan. Sallama kawai suka iya yi wa juna, sai kuka, sai addu'a. Yanzu duk Juma'a bayan an sauko take kira. Ta koyi cewa "Inna, ina wuni," Gwaggo kuma ta koyi tambayar lafiyar yara da yarensu, duk da jikokinta sun ce kullum sai ta karya kalmar.