Jan Ƙwan da Baba Ya Cire

A bayan gidanmu na Shagari akwai wata tsohuwar mota da 'yan unguwa ke kira Ɗakin Tafiya. Gado ne a cikinta, da ɗan murhu, da kabad. Ma'aikatan lafiya sun yi ta yawon ƙauyuka da ita, Babana yana tuƙa su, har ta tsufa aka yi gwanjonta ya saya. Uwata ta rasu ina goye, don haka mu uku ne a gidan: ni, da Baba, da kakata Inna. Burin Baba bai wuce ya riƙa jigilar 'yan kasuwa tsakanin Shagari da Boɗinga ya kwana a gida ba. In motar ta ƙi, sai tafiya Kurmi tuƙin tirela, kuma ko ni da ban kai komai ba na san haka.

Farkon fara jigilar, wani ɗan jan ƙwan fitila a gaban direba ya riƙa ƙyaftawa. Wata mai daddawa ta gan shi a tasha, ta sauke kayanta ta ce ba ta shiga motar da ke jan ido. Baba mutum ne da ya tsani a ga gazawarsa. Ya gano fambel ne, wato bel ɗin inji, ya saki, ya ɗaure shi, ya kuma zare ƙwan gaba ɗaya don kada ya sake kunyata shi, ya jefar a tsakar gida. Inna ta tsinta wajen shara.

Bayan haka motar ta daina shan caji. Batir biyu gare ta, na gaba mai tada inji, na baya mai ba fitilun ɗaki wuta, duka suka riƙa mutuwa. Ya kai su caji Boɗinga, ya sake sabo, ya kwance altaneta, wato injin da ke mayar wa batir wuta, aka gwada ta a kan benci aka ce lafiyarta lau. Ya bi wayoyi yana kankare tsatsa har yatsunsa suka fashe. Duk wanda ya tambaye shi ya mota, sai ya ce, "Lahiya lau."

Baba ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. "Wancan" take ce masa. Duk abin da take so ya ji, ni take gaya wa da ƙarfi. Lokacin ɗari, bayan sallar isha'i, takan hura wutar kara kusa da motar, Baba yana kwance a ƙarƙashinta da tocila, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Maigida, matso nan," haka take tsokanata. "Ga wata nan tahe, ƙahwarta duk ƙura."

A wasu gidajen yara da yawa ke amsawa. A namu muryata ce kaɗai. "Ta iso, mu ba ta tabarma."

A cikin tatsuniyoyinta akwai ta wani mai rijiya da jan tsuntsu. Duk sanda ruwa ya yi ƙasa, tsuntsun yakan yi kuka. Mai rijiya ya ga baƙi suna ji, suna gane cewa gidansa ma yakan rasa. Sai ya kama tsuntsun ya ɗaure masa baki da zare. Abin da bai sani ba, akwai wata tsohuwa can ƙarƙashin ƙasa mai buɗe wa rijiyar idon ruwa, ita kuwa barci gare ta, kukan nan kaɗai ke tada ta. Rijiya ta ƙafe. Ya sayi sabon guga, ya ƙara igiya, ya kira masu yasa suka shiga suka fito. Daga baya ya ɗaure kayansa ya bar garin, tsuntsun yana kan katanga yana kallonsa.

"Inna, me ya hana tsohuwar tashi da kanta?"

"Wa yak kira ta? Ita tana can tana jira. Ko uwa ta, in ɗa bai yi kuka ba, ƙaƙa za ta san inda ad da ciwo?"

Ƙarar sifana ta tsaya a ƙarƙashin mota, jim kaɗan ta ci gaba. Inna ta tura kara cikin wuta ta ce tatsuniya ta koma inda ta fito, in je in kwanta.

Kafin damina Baba ya tafi Kurmi. Ya tsuguna ya yi wa Inna sallama, ta amsa tana kallon bango, sai da ya fita ta bi sawunsa da ido. Saƙo ya riƙa zuwa cewa yana lafiya lau. Haka aka yi ta gaya mana har ranar da wani abokin tuƙinsa ya zo ya ce ya daɗe yana jinya, a can aka binne shi. Muka ci gaba da hura wuta mu biyu. Na yi kewarsa ƙwarai, na kuma yi fushi da motar, ban ƙara shiga cikinta ba.

Da na girma na koyi aikin wayar mota a Boɗinga, shi nake yi har yau. A nan na ji cewa tsofaffin altanetoci irin nata ba sa fara aiki sai wata 'yar wuta ta bi ta cikin jan ƙwan nan ta tashe su. In babu ƙwan, sai fa an taka mota da ƙarfi, Baba kuwa lallaɓa tasa yake yi. Ranar da na gane haka ban iya cin abinci ba.

Bara Inna ta rasu. Cikin kwallarta, tare da tsakiyoyinta, na sami ƙwan a ƙulle cikin tsumma. Ba ta san altaneta ba, ɗanta ta sani, abin da hannunsa ya taɓa kuma ba ta zubarwa. Na yi kwanaki ina fama da injin, na sa sabon batir, na mayar da ƙwan gurbinsa. Na murɗa makulli ƙwan ya kawo ja, inji ya tashi ya ɗauke, allurar caji ta haura. Fitilun ɗaki suka haska gadon da Baba bai sake kwana a kai ba. Na waiwaya in gaya wa wani, sai na ga gurbin wutar Inna, ciyawa ta rufe shi.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce. Yanzu ina ganin roƙo ne: uwa ce take roƙon ɗanta ya kira ta, ta bakin jika, don al'ada ta hana ta cewa da nata bakin.

Ƙarar injin ta fito da maƙwabcinmu Malam Sahabi, wanda ya yi karatun allo tare da Baba. Ya leƙo ta taga ya ce, "Ɗana, lahiya kake zaune nan kai ɗai?"

Amsar gidanmu ta zo mini har baki. Na haɗiye ta.

"Ba lahiya ba, Baba. Shigo ka zamna da ni."