Rabin Cefane a Kunne Yake

Sanyin Madina ba ya daɗewa, amma idan ya zo har ƙashi yake shiga. A irin waɗannan makonnin ne Kaka take sa a kawo mata kaskon garwashi tsakar gidanmu na bayan unguwar Anbariyya, da zarar an idar da magariba. Ta ɗora butar shayi a gefe, ta jefa na'ana'a a ciki, mu kuma mu kewaye ta, ni da ƙanena Usman da 'ya'yan maƙwabta. Har yau idan ƙamshin na'ana'a ya haɗu da hayaƙin gawayi, hannayenta nake gani bisa wuta, tana juya su a hankali kamar mai gasa gurasa.

Mu Sitti muke ce mata, irin na 'yan Madina, ita kuwa ba ta waiwayowa sai an ce Kaka. Tana yarinya ta baro ƙasar Katsina da iyayenta, suka yi shekaru a hanyar Sudan kafin su iso. Da Hausa take yi mana magana, mu amsa da Larabci. Takan ce mu wata irin rijiya ce, a zura guga da Hausa ya fito da wani ruwan daban.

Kowace safiya takan yafa mayafinta, ta sauko da ɗan kwandon kaba daga jikin ƙusa, ta tsaya kan Usman ta ce maigida ya ba da kuɗin cefane, in ba haka ba yau gidansa ba a ɗora tukunya. Shi kuma ya ruga ya ɓuya bayan Umma. Daga nan sai ta nufi lungun da Hajiya Zara take shimfiɗa tabarmarta. Hajiya Zara tsohuwa ce 'yar Chadi, tana kasa tumatir da albasa na gonakin unguwar Awali, da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Lungun ba shi da nisa, amma Kaka ba ta dawowa sai an kusa kiran azahar, abin da ke cikin kwandon kuwa bai fi cikin tafi biyu ba. Ranar da babu makaranta nakan bi ta. Tsofaffi ne a jere a inuwar bango, wannan da Hausar Kano, waccan ta Damagaram, wata ta Sudan, kowa na cewa tata ce ta asali. A nan ake jin wadda ta haihu, da wanda takardunsa suka fito, da wadda za a je wa dubiya. A nan kaɗai nake jin Kaka tana dariya har da tafa hannu.

Sai Baba ya samu aiki a garin Yanbu, ya koma zuwa gida ƙarshen mako. Akwai wani katafaren kanti na ma'aikata a can, sai mai kati ke shiga, kuma komai a katan ko a buhu ake sayar da shi. Wata Alhamis ya iso da wanet, wato a-kori-kura, shaƙe da kaya: buhunan shinkafa, garwar mai, tumatirin gwangwani katan-katan, sabulu, buhun albasa, ga firiza mai tsawon gado. Kuka da daddawa ma ya saro wajen alhazai, na shekara guda. Umma ta yi murna, kuma da gaskiyarta, don ta huta da aiken yara sayen mai a kwalba, kayan kuma sun fi araha nesa ba kusa ba. Mu ma mun yi murna, don mun samu kwalayen gina gidaje.

Baba ya durƙusa gaban Kaka, fuskarsa cike da haske.

"Inna, daga yau kin huta. Gwiwoyin nan sun gama aikinsu, ba sauran fita cikin rana."

Ta ce Allah ya yi albarka, idonta na kan bango. Baba ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta ce masa ga abin da take so. Mutumin Yanbu take ce masa, shi ma sai in ta kama dole.

Kwando ya zauna a jikin ƙusa. Kaka ta daina tambayar Usman kuɗin cefane, har shi da kansa ya fara zuwa yana tsayawa gabanta ko za ta tuna. Da hantsi sai ta zauna bakin ƙofar ɗaki tana jan carbi, rediyon Umma na ta zuba Larabci. Ba ta yi ciwo ba, ba ta kuma yi ƙorafi ba. Shiru kawai ta yi, irin shirun randar da ba a ɗiba.

Wani maraicen da Baba yake gida, yana zaune bakin zaure da kofin shayinsa, Kaka ta gyara zama ta ce ga tatsuniya nan tafe, mai kunne ya ba ta wuri. Muka ce ta zo mu ji ta. Na lura ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce wai an yi wata gafiya. Usman ya tambaya mece ce gafiya, don mu ba mu taɓa gani ba, ta ce ɓera ne da ya yi arziki. Kullum gafiya sai ta je kasuwar dawa ta sayo gero ɗan kaɗan, ta gaisa da kurciya, ta yi musu da bushiya, ta dawo. Rannan ɗanta, yaro mai hankali da tausayi, ya ce wannan wahala ta isa. Ya je ya kwaso mata abincin shekara, ya yi ta turawa cikin rami har ya toshe ƙofa. Gafiya na ciki, abinci gaba, abinci baya.

Kasuwa ta ci ba a gan ta ba, ta sake ci ba a gan ta ba. Kurciya ta je bakin rami ta yi sallama, buhunan gero suka shanye muryar. Sai aka ce Allah ya ji ƙan gafiya. Aka taru a ƙofar raminta aka yi zaman makoki, aka soya waina, bushiya ta yi kukan da ya fi na kowa, ita da ba su taɓa shiri ba. Gafiya na jin ƙamshin wainar sadakarta, tana kiran a ajiye mata nata kason, ba mai ji. Nan Kaka ta shaƙe murya tana kwaikwayon gafiya, muka yi ta birgima a tabarma.

Da ta cinye hanya ta fito, ta yi ƙiba har ba a gane ta ba. Tana shiga kasuwa kowa ya watse, ana cewa fatalwa. Ta zauna ita kaɗai a tsakiyar rumfuna.

"Sai ta ce wa ɗanta, yaro, ka ciyar da ni, Allah ya ciyar da kai. Amma cefane biyu ne, rabi a kwando, rabi a kunne. Na kwandon kaɗai ka kawo min." Kaka ta tona garwashi. "Ƙurunƙus, yau kan gafiya ne, ɗan ɓera ya huta."

Na ga Baba ya daɗe yana juya cokali a kofin da babu shayi.

Da ya sake zuwa da kaya, shinkafa ta zo, mai ya zo, sabulu ya zo. Babu albasa, babu tumatir, babu gishiri. Dama rabin albasar farko ta tsira a buhu, ta yi ganye kamar gona. Umma ta tambaye shi, ya dafa goshi ya ce wallahi ya manta. Ya ƙara da cewa kukar nan ma ta fara canza launi, gara a rabar.

Kaka ta dubi bango ta ce, "Mutumin Yanbu ya fara tsufa." Ta juya kan Usman. "Maigida, tashi ka ba ni kuɗin cefane, ka ga gidanka ba gishiri."

Tun daga ranar Baba bai taɓa dawowa da kaya cikakku ba, har Allah ya karɓi ranta. Mutum ne da ba ya manta ko allura, amma albasa kullum sai ta kufce masa.

Da na girma na tambayi tsofaffin lungun labarin gafiyar, ba wadda ta taɓa jin sa, ko ta Kano ko ta Damagaram. Umma ce ta warware min. A makon da ta yi mana tatsuniyar, muna makaranta, Hajiya Zara da mata biyu sun zo gidanmu da kwanon kunu, don an ce musu Kaka ta kwanta. Ashe tatsuniyar ba ta taka hanyar Sudan ba, a tsakar gidanmu aka haife ta, don kunne ɗaya tak.

Yanzu ni ma a Yanbu nake aure, maigidana kuma yana da irin katin nan. Ƙawayena kan tambaye ni ko sayen sari yana da riba, in ce yana da ita mana, ga abin da ba ya ruɓewa kuma ba ya buƙatar gaisuwa. Shinkafarmu ta buhu ce, manmu na garwa. Amma duk ranar da zai tafi kantin, ba na ambata masa na'ana'a. A ƙasan benenmu akwai wata Bahaushiya 'yar Sudan da take shuka ta a tsofaffin gwangwanaye. Da hantsi nakan sauka in ƙwanƙwasa, in roƙi reshe biyu da gurguwar Hausata. Ta yi min dariya, ta gyara min kalma, ta jawo min kujera. Reshen kan yi yaushi a hannuna kafin in hau sama, ana kiran azahar.