Fidelia Ta Ɗaga Murya a Coci

Shekara ashirin da shida Fidelia Chablé tana tsayawa a bakin tashar jiragen ruwa ta Progreso da jar lema a hannu, tana jiran baƙin da jirgin ruwan yawon shaƙatawa ke saukewa. Awa shida ake ba ta. A cikinsu za ta kai su garin Izamal, su hau tsohuwar dala, tudun dutsen da kakanninta suka gina, su shiga cocin nan mai rawayen fenti, su ci abinci a tsaitsaye, ta dawo da su kafin jirgi ya yi ƙara. Shi kuwa jirgi ba ya jiran uban kowa.

Dokokinta biyu ne, tun a mota take karanta musu. Ba a ɗaga murya a coci. Wanda ya ɓata kuma ya zauna inda yake, ita za ta zo ta same shi.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne yanar ido ta fara rufe mata gani tun bara. Matakan dala ba su dame ta ba, ƙafarta ta haddace su. Ƙirga mutane ne ya zame mata tashin hankali. Kowane jirgi da launin takardar da yake manna wa fasinjojinsa a ƙirji, ita kuwa ja da ruwan goro sun koma mata abu ɗaya. Ta san ranar da kamfani ya ji, ranar za a karɓe katin aikinta. Tsoro take ji, tsoro mai hana cin abinci.

Nicanor direba kaɗai ya lura.

"Yaya Fide, jiya fa bishiya kika yi wa sannu da zuwa."

"Kai dai riƙe sitiyarinka. Bishiyar ta fi ka ladabi."

Ran wata Talata jirage biyu suka sauka tare. Bayan coci ta tsaya a ƙofar mota ta ƙirga talatin da biyu cif, ta ce a tafi. Sun yi rabin hanya wani dogon mutum ya miƙe yana tambaya ina matarsa. Nicanor ya leƙa madubi, ya rage murya.

"Yaya, takardar wannan ruwan goro ce. Na ɗaya jirgin ne. Namu ja."

Ta kira sunaye ɗaya bayan ɗaya. Bernadine Kowalski ba ta amsa ba, tsohuwar nan mai sanda da ta ce ta zo kunna wa marigayi mijinta kyandir.

"In muka juya, duka sun rasa jirgi," in ji Nicanor. "Mu ce ita ta yi gaban kanta. Wa zai musa?"

Fidelia ta kusa yarda, sai kunya ta kama ta. Sannan ta miƙa masa lemar, ta ce ya sauke ta a nan, ya kai sauran jirgi.

Motar haya ta mayar da ita Izamal wajen ƙarfe huɗu da rabi. Daga hasken rana ta faɗa duhun coci, komai ya ɗauke. Inuwoyi ne kawai a kan kujeru, ba ta san wace ce baƙuwa ba, wace ce 'yar gari. Ta bi layi ɗaya, ta taɓa kafaɗar wata, aka harare ta. Mai gadin cocin, wanda ya san ta shekara ashirin, yana tsaye yana kallo.

Ta tsaya a tsakiya, ta ɗaga murya har rufin ya amsa.

"Bernadine, ki yi magana. Ba na gani."

Masu addu'a suka juyo. Can gefe sanda ta ƙwanƙwasa ƙasa.

"Ga ni, 'yata. Kin ce a zauna, na zauna. Jirgin ya tafi, ko?"

"Zai tafi kafin mu isa, Mama. Laifina ne."

Tsohuwar ta lallaɓo, ta kama hannun Fidelia, ta ja ta zuwa ƙofa, tana gaya mata inda mataki yake.